Hayar Kwana Da Hayar Shekara: Dokar Da Birnin Niyok Ya Kafa Wa Masu Saukar Baƙi

 Batunmu na yau batun gida ne da baƙo da maƙwabci. Ga tambayar: in mutum ya mallaki gida da kuɗinsa na halal, ko hukuma tana da ikon hana shi saukar da baƙo ya karɓi kuɗin kwana? Da jin tambayar sai mutum ya ce ina ruwan hukuma, ai kowa da ikon abinsa. Amma manyan biranen duniya sun shekara goma sha suna ta shari'a a kan wannan magana, har wanda ya fi su tsanantawa, watau birnin Niyok na ƙasar Amurka, ya fara aiki da wata doka ran 5 ga Satumba, 2023, wadda ta rufe dubban masaukai cikin 'yan makonni. Ya kamata mu san yadda abin ya faro, da abin da dokar ta ce, da abin da ta haifar, domin matafiyi ya tsira da guzurinsa, mai gida kuma ya san iyakarsa.

Fatoma na da, da masauki na yau

Saukar da baƙo don neman abinci ba sabuwar sana'a ba ce a wurinmu. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro, da masu kai shanu Kurmi, duk inda suka yada zango akwai fatoma. A Sabo ta Badun da zangon Kumasi maigida shi ke ba falke ɗaki, a kai masa tuwo daga cikin gida, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, in an sayi kaya bashi shi ne lamuni. Ladansa kuwa daga la'adar ciniki ya ke fitowa. Abin lura a nan shi ne maigida yana kwana a gidan da baƙonsa ya ke kwana. In baƙo ya yi ɓarna an san wanda za a kama, in an cuci baƙo ya san wanda zai kai wa kuka.

Abin da ya zo da wannan zamani dabam ne. A 2007 waɗansu samari biyu a birnin San Faransisko, Brian Chesky da Joe Gebbia, kuɗin haya ya gagare su. Aka yi wani babban taro a garin, otal-otal suka cika, sai suka shimfiɗa katifun iska a ɗakinsu suka saukar da baƙi uku, suka karɓi kuɗi. Daga nan suka kafa kamfanin Airbnb a 2008, tare da abokinsu Nathan Blecharczyk. Kamfanin dillali ne kawai, ba ya da ɗaki ko guda na kansa. Mai ɗaki ya sa hoton ɗakinsa da kuɗin kwana a intanet, baƙo ya gani daga ƙasarsu ya biya tun bai taso ba, kamfani ya cire la'adarsa ya miƙa wa mai ɗaki saura. Akwai waɗansu kamfanoni masu irin wannan dillanci, kamar Vrbo da Booking.com.

Da fari ɗaki guda ne cikin gidan da mai shi ya ke zaune. Da aka ga riba, sai masu jari suka shiga. Mutum ya kama gida biyar ko goma ko fiye, ya zuba gado da kujeru, ya ajiye mabuɗi cikin ɗan akwati a bakin ƙofa, baƙo ya zo ya kwana ya tafi bai taɓa ganin fuskar mai gidan ba. To, a nan ne rigima ta tashi.

Abin da ya dami mutanen gari

Niyok gari ne mai mutum sama da miliyan 8, kuma kamar kashi biyu cikin uku na magidantansa a gidan haya su ke. Baƙin da ke zuwa ziyara kuwa sun haura miliyan 60 a shekarar 2023 kaɗai. Yawancin gidajen benaye ne, iyali da yawa cikin gini guda, ƙofar shiga ɗaya, matakala ɗaya.

Bari mu yi misali da lissafi don a gane inda gizo ke saƙa. A ce sashen bene ana biyan hayarsa dala 3,000 a wata. In mai shi ya sa kwana guda dala 200, ya sami baƙi kwana 20 kawai cikin wata, ya tashi da dala 4,000, ga kwana goma gidan na zaune. Ba ya kuma fargabar ɗan hayan da zai ƙi biya ya ƙi tashi, domin baƙo raɓa ne. Kowane ɗan kasuwa ya ga wannan lissafi ya san inda zai karkata. Amma duk sashen da aka mayar masauki, an rage guda ke nan cikin gidajen da malamin makaranta da direba da ma'aikacin asibiti za su nema. In kaya suka yi ƙaranci masu saye suna da yawa, ba sai an gaya wa mutumin kasuwa abin da ke faruwa da tsada ba.

Na biyu, kukan maƙwabta. Mutum yana zaune da iyalinsa, kullum sai ya ga sabuwar fuska riƙe da mabuɗin ƙofar ginin, ga hayaniya da tsakar dare, ga shara a matakala, ba kuwa wanda zai kai wa ƙara. Na uku, tsaron rai. An tilasta wa otal ya tanadi kayan kashe gobara da alamun hanyar fita, domin baƙo bai san gini ba, gidan zama kuwa ba a gina shi da wannan sharaɗi ba. Na huɗu, masu otal da ƙungiyar ma'aikatansu suka ce suna biyan lasin da haraji suna bin ƙa'ida, ga waɗansu suna cin kasuwarsu ba tare da wannan nauyi ba.

Dokokin da suka gabata

Hukuma ba ta fara da tsanani ba. A 2010 Jihar Niyok ta gyara dokarta ta gidajen da iyali uku ko fiye ke zaune, ta ce ba a ba da sashe haya ƙasa da kwana 30 sai in mai wurin yana ciki tare da baƙon. Dokar ta fara aiki a 2011, amma tana takarda ne kawai, gama ma'aikata kaɗan ba za su iya bin ƙofa ƙofa cikin gari irin wannan ba. A watan Oktoba na 2014 Babban Lauyan Jihar, Eric Schneiderman, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi cikin takardun Airbnb. Ya ce kashi 72 cikin 100 na wuraren da aka ba baƙi su kaɗai a birnin, ga alama sun saɓa wa doka. Ya kuma ce manyan masu jari, waɗanda ba su wuce kashi 6 cikin 100 na masu saukar baƙi ba, su ne suka kwashe kashi 37 cikin 100 na kuɗin.

A 2016 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a wata doka da ta hana tallar irin wannan haya, da tara mai kai wa dala 7,500 ga wanda ya yi ta maimaitawa. A 2018 majalisar birnin ta ce dole kamfanoni su miƙa mata sunayen masu saukar baƙi da adireshinsu. Kamfanoni suka kai ƙara, alƙali ya dakatar da dokar, sai a 2020 aka yi sulhu aka fara miƙa wani sashe na bayanin. Duk waɗannan dokoki aibinsu ɗaya ne: sai an yi laifi an karɓi kuɗi, sa'an nan hukuma ta bi sawu.

Doka ta 18

Sai majalisar birnin ta sake dabara. A watan Disamba na 2021 ta zartar da abin da a ke kira Doka ta 18, ta tabbata a Janairu 2022, aka fara tilasta ta ran 5 ga Satumba, 2023. Ga jigoginta.

Na ɗaya, duk mai son saukar da baƙo ƙasa da kwana 30 don kuɗi, sai ya yi rajista a wani ofishi na musamman da ke ƙarƙashin Magajin Gari, ya biya dala 145, ya nuna shaidar ko shi wane ne, da shaidar cewa a wannan gida ya ke zaune. In an amince sai a ba shi lamba, ya riƙa sa ta a jikin tallarsa.

Na biyu, dole mai gida ya kasance yana kwana a gidan muddin baƙon yana nan. Ba dama ya miƙa mabuɗi ya yi tafiyarsa.

Na uku, baƙi masu biya kada su wuce biyu a lokaci guda.

Na huɗu, su zauna kamar iyali ɗaya. Ba a yarda a sa wa ƙofofin cikin gida makullin da zai raba shi gida biyu ba, kuma baƙo ya iya kai wa ga kowace ƙofar fita.

Na biyar, akwai gidajen da ba a yi musu rajista ko kaɗan, watau gidajen hukuma na talakawa, da waɗanda doka ta ƙayyade kuɗin hayarsu. Mai gini kuma yana da ikon sa gininsa cikin jerin wuraren da aka haramta, domin kada ɗan haya ya mayar masa da shi masauki. Ɗan haya yana iya neman rajista, amma za a sanar da mai gininsa.

Na shida, wanda shi ne ƙashin bayan dokar, an ɗora wa dillali nauyi. Kamfani ba zai karɓi kuɗin baƙo ba sai ya duba lambar mai gida a rajistar hukuma ya ga ta inganta. Mai gidan da ya saɓa, tararsa tana iya kai wa dala 5,000, kamfani kuwa har dala 1,500 a kan kowane ciniki guda. Watau hukuma ta bar farautar masu laifi ɗaya ɗaya, ta je ta tsare mashigar kuɗi.

Otal-otal da gidajen da tun asali an yi musu izinin saukar matafiya ba sa cikin wannan doka. Haka kuma hayar da ta kai kwana 30 ko fiye.

Mai karatu zai lura cewa sharuɗɗan nan sun koma kusa da tsarin fatoma: mai gida yana nan, an san shi, baƙo yana ƙarƙashin idonsa. Kamfanin Airbnb ya kai ƙara a watan Yuni na 2023, ya ce wannan hani ne aka sa masa rigar ƙa'ida. A watan Agusta mai shari'a Arlene Bluth ta kori ƙarar, ta ga babu zalunci a ce wa kamfani ya tantance kafin ya karɓi kuɗi.

Abin da ya biyo baya

Wata ƙungiya mai suna Inside Airbnb, mai ƙidayar tallace-tallacen kamfanin, ta ce a watan Agusta na 2023 akwai wuraren hayar kwana sama da 22,000 a birnin, zuwa farkon Oktoba sun koma 3,000 da 'yan kai. Da yawa cikin masu gidajen suka mayar da hayarsu ta kwana 30 zuwa sama. Waɗansu suka koma talla a ɓoye ta Facebook da makamantansa, inda babu dillalin da zai tsaya wa baƙo in an cuce shi. Baƙi da yawa kuma suka haye kogi zuwa garuruwan Jihar New Jersey, ko da ya ke can ma birnin Jersey City ya kafa tasa ƙa'idar tun 2019, bayan mutanen garin sun jefa ƙuri'a a kanta.

To, ko kuɗin haya ya sauka? Bai sauka ba, ya ci gaba da hawa. Kuɗin otal ma ya hau, matsakaicin kuɗin kwana ya haura dala 300 a 2023. Amma adalci shi ne a faɗi cewa ba dokar kaɗai ta jawo tsadar otal ba, domin a wannan lokaci hukuma ta kama ɗakunan otal masu yawa ta saukar da 'yan gudun hijira, kuma tun 2021 an tsaurara izinin gina sabon otal.

Kowane ɓangare yana da lissafinsa. Kamfani da magoya bayansa suna cewa gidajen birnin sun kai kamar miliyan 3.7, saboda haka 22,000 ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, yaya za a ce su suka jawo tsada? Masu goyon bayan doka kuwa suna cewa a auna da gidajen da ke kasuwa. Ƙidayar da hukuma ta yi a 2023 ta nuna kashi 1.4 cikin 100 kawai na gidajen haya ne babu kowa ciki, watau kamar 33,000, rabon da a ga ƙaranci irin wannan tun 1968. A kasuwar da ta matse haka, ko sashe dubu kaɗan aka mayar wa mazauna ba abin rainawa ba ne. Duk lissafin biyu gaskiya ne. Abin da za a fahimta shi ne dokar ta toshe kafa guda da gidaje ke zurarewa, amma ba ta aza tubali ko guda ba. Majalisar birnin ma ta san haka, gama a Disamba 2024 ta sassauta ƙa'idodin gini da nufin a sami sababbin gidaje kamar 80,000 cikin shekara 15.

Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne ƙananan masu gida a unguwannin Buruklin da Kwins, masu ɗan gida mai sashe biyu, suna zaune a ɗaya suna ba da ɗaya ga baƙi don su biya bashin da suka sayi gidan da shi. Suna cewa an yi dokar don manyan masu jari, sai ta haɗa da su. A Nuwamba 2024 aka gabatar wa majalisa ƙuduri na sassauta musu, ƙungiyoyin 'yan haya da ta ma'aikatan otal suka tashi suka yi adawa da shi, suna tsoron in an buɗe ƙofa kaɗan masu jari za su bi ta nan su shigo.

Yadda sauran birane suka yi

Waɗansu birane sun zaɓi ƙayyade kwanaki. A Landan dokar 2015 ta yarda mutum ya ba da gidansa duka hayar kwana har dare 90 a shekara, in zai wuce sai da izinin hukumar tsara gari. A Faris iyakar kwana 120 ce ga gidan da mutum ya ke zaune, aka rage ta zuwa 90 daga Janairu 2025. Amstadam ta rage tata daga dare 60 zuwa 30 a 2019, baƙi kuma kada su wuce huɗu. Ƙasar Japan ta yanke kwana 180 a dokarta ta 2018. Basalona ta ƙasar Sifen ta ɗauki hanya mafi zafi: a watan Yuni na 2024 Magajin Gari Jaume Collboni ya yi shelar cewa lasin 10,101 da ke hannun masu gidajen baƙi ba za a sabunta su ba bayan Nuwamba 2028, ya kafa hujja da cewa kuɗin haya ya ƙaru da kashi 68 cikin 100 cikin shekara goma. A Dubai kuwa, inda 'yan kasuwarmu ke yawan zuwa, an halatta sana'ar tun dokar 2013, amma sai da izinin hukumar baƙi, kuma ana rubuta sunan kowane baƙo da ya sauka.

Malamai sun san wannan muhawara tsohuwa ce. Magabata sun yi saɓani a kan hayar gidajen Makka ga alhazai. Imam Shafi'i ya halatta sayar da su da ba da su haya, Ishaƙa ɗan Rahawaihi ya hana, har suka yi munazara a kai, Imam Ahmad yana wurin. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana a sa wa gidajen Makka ƙyamare, domin mahajjata su sami sauka a farfajiyarsu. A can ana tsoron mai gida ya matsa wa baƙo, a Niyok ana tsoron kuɗin baƙo ya kori ɗan gari. Asalin tambayar dai guda ce, watau ina iyakar ikon mai mallaka in amfaninsa ya ci karo da maslahar jama'a. Mu a ganinmu hukuma tana da hurumin sa iyaka in cuta ta tabbata, da sharaɗin ta bambanta mai ɗaki guda da mai gida ashirin, ta kuma tashi tsaye wajen ƙara gidaje.

Gargaɗi ga matafiyi da mai jari

Wanda zai tafi fatauci ko karatu ko jinya ɗaya daga cikin biranen nan, ya kiyaye abu huɗu. Ya nemi lambar rajista a jikin talla kafin ya biya. Kada ya aika kuɗi kai tsaye ga wanda bai sani ba don an yi masa ragi, gama in ya isa ya tarar ba ɗaki, ba mai mayar masa. In Niyok zai je da iyali fiye da mutum biyu na ƙasa da wata guda, ya sani sashe sukutum ba tare da mai shi ba ya saɓa wa doka, sai ya nemi otal ko masauki mai izini. In kuwa mai gida ya ce masa in an tambaye shi ya ce shi ɗan'uwa ne, to, ya gane akwai lauje cikin naɗi, ya nemi wani wuri.

Mai jari kuma da ke tunanin sayen gida a wata ƙasa don hayar kwana, ya tambayi dokar garin tukuna, da ƙa'idar ginin, da harajin da ke kai. Ya kuma yi lissafinsa bisa hayar shekara, in ta fisshe shi ya saya, domin mun ga yadda majalisa ke iya soke hayar kwana da zama guda, bashin banki kuwa yana nan.

Allah ya ba matafiya masauki na gari, ya ba mazauna maƙwabta na gari, ya sa albarka cikin nemanmu. Haza wasalam.